Soja da takardar bashi: yadda sabuwar Amurka ta kasa biyan waɗanda suka 'yanto ta

A watan Yunin 1783 aka fara sallamar sojojin Janar George Washington daga sansaninsu na bakin kogin Hudson, kusa da garin Newburgh. Yaƙi da Ingila ya lafa, sai jiran sa hannu a takardar sulhu. Duk wanda ya yi rajista har ƙarshen yaƙi an bar masa bindigarsa kyauta. Albashin da ya taru kuwa ba a danƙa wa kowa tsabarsa ba. An raba musu takardu a madadin albashin wata uku, waɗanda ba za su zama kuɗi ba sai bayan wata shida, sauran kuma aka ce za a lissafa a ba kowa takardar shaidar bashi.

Wannan nazari ya bi sawun ɗaya daga cikinsu, ƙaramin soja, manomi daga tsaunukan yammacin jihar Massachusetts. Ba a sa masa suna ba domin irinsa dubbai ne, kuma abin da za a faɗa a kansa shi ne abin da ya sami sa'o'insa. Yana bin gwamnati bashi, ita kuwa gwamnatin ba ta da ikon karɓar haraji daga hannun kowa.

## Asalin lamarin, 1763 zuwa 1775

Tun farko a kan haraji rigimar ta taso. Ingila ta fito daga yaƙin shekara bakwai da Faransa a 1763 da nasara, da kuma bashi jibgi a wuyanta. Majalisar dokokin Landan ta ga ya dace mazauna yankunanta goma sha uku na gaɓar Amurka su ɗauki wani kaso na kuɗin tsaronsu. A 1765 ta sa harajin hatimi a kan jaridu da takardun kotu da na ciniki, har da katin karta. Aka yi ta bore har ta janye shi a 1766. Shekara na zagayowa ta dawo da kuɗin fito a kan gilashi da fenti da takarda da ganyen shayi. Ranar 16 ga Disamban 1773 wasu mutanen Boston, babban birnin Massachusetts, suka hau jirage uku suka tuttule akwati 342 na ganyen shayi a teku. Hujjarsu ɗaya ce a duk tsawon shekarun nan: majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da hurumin taɓa aljihunsu.

An yi harbin farko a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilun 1775. Wakilan yankunan suka taru a Philadelphia a watan Mayu, a watan Yuni suka kafa runduna suka damƙa ta ga Washington. Wannan taron wakilai, wanda za mu riƙa kira Majalisa, shi ke nan gwamnatin ƙasar. Babu shugaba mai zartarwa, babu jami'in haraji ko ɗaya. Mutanen da suka ɗauki makami don kada wata majalisa ta nesa ta tatse su ba su yarda su gina wata a gida su miƙa mata wuƙa da nama ba. Haraji ya tsaya a hannun kowace jiha, wato kowane ɗaya daga cikin yankunan goma sha ukun.

## Gwaji na farko: buga kuɗin takarda, 1775 zuwa 1781

Ranar 22 ga Yunin 1775 Majalisa ta ba da umarnin buga dala miliyan 2 na takarda, kuɗin da aka sani da Continental. A jikin kowace takarda an rubuta cewa mai riƙe da ita zai iya karɓar dalar azurfa ta Sifen, tsabar da aka fi yarda da ita a kasuwannin lokacin. Azurfar dai babu ita a baitulmali. Shirin shi ne jihohi su sa haraji, su karɓe takardun daga hannun jama'a su janye su daga kasuwa, don kada su yi yawa. Jihohin suka ƙi matsa wa mutanensu, su ma suka tayar da nasu injinan bugawa.

Mutuminmu ya shiga soja a 1777, lokacin da aka daina dogaro da masu rajistar shekara ɗaya. Tayin da aka yi wa wanda zai tsaya har ƙarshen yaƙi shi ne dala 20 ta shiga, da alƙawarin fili eka 100, da albashin dala shida da biyu bisa uku a wata. A hunturun wannan shekarar rundunar ta yi sansani a Valley Forge da mutum wajen 12,000. Kusan 2,000 suka mutu kafin bazara, galibi cuta ce ta kashe su bayan yunwa da rashin sutura sun gama raunana su. Ba wai abinci ya ƙare a yankin ba ne. Manoman kewaye da yawa sun gwammace su kai hatsinsu da shanunsu Philadelphia, wadda ke hannun sojojin Ingila a lokacin, domin can da zinari da azurfa ake biya.

Aka gwada ƙayyade farashi. Wakilan jihohin arewa sun zauna a Providence, daga baya a New Haven, suka tsara farashin hatsi da nama da ladan ƙwadago. Kaya suka ɓace daga kanti suka koma bayan gida. Aka yi dokar cewa duk wanda ya ƙi karɓar takardar maƙiyin ƙasa ne. Su kuma Ingilishi da ke riƙe da New York suka riƙa buga na jabu suna watsawa. Zuwa ƙarshen 1779 Majalisa ta buga kimanin dala miliyan 241, jihohi sun buga kusan wani adadin mai kama da haka. A watan Afrilun wannan shekarar Washington ya rubuta wa shugaban Majalisa, John Jay, cewa da ƙyar keken doki cike da kuɗi zai sayi keken doki cike da abinci.

Da kuɗin suka daina saye, sai jami'an ciyar da runduna suka koma ƙwace. A zo gonar mutum a kora shanu, a ɗebi alkama, a bar masa takarda mai cewa gwamnati za ta biya. Haka takardun bashi suka cika ƙauyuka.

Ranar 18 ga Maris 1780 Majalisa ta amsa gaskiya, ta ce dala 40 ta takarda daidai take da dala 1 ta azurfa. A wannan lissafin albashin mutuminmu na wata guda ya koma kwatankwacin senti 17. Jiharsa ta yi ƙoƙarin cike giɓin da wata dabara da ba a saba gani ba: ta ba sojojinta takardun da darajarsu ke bin farashin masara da naman shanu da gashin tumaki da fatar takalmi, in kaya sun hau takardar ta hau. Dabara ce mai kyau, sai dai ita ma alƙawari ce ta biya nan gaba. Ranar 1 ga Janairun 1781 sojojin Pennsylvania suka yi bore a kan albashi da wa'adin aiki, aka lallashe su. Na New Jersey suka bi sahu, aka harbe biyu daga cikin jagororinsu. Kafin tsakiyar shekarar kuɗin Continental sun daina yawo a kasuwa baki ɗaya.

## Gwaji na biyu: ƙoƙon bara, 1781 zuwa 1783

Ranar 1 ga Maris 1781 yarjejeniyar haɗin gwiwar jihohi ta fara aiki, bayan Maryland ta sa hannu a ƙarshe. Ita ce kundin mulki na farko. Kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, manyan lamura sai jihohi tara sun yarda, gyara kundin kuwa sai dukan goma sha ukun. A fannin kuɗi, abin da Majalisa za ta iya kawai shi ne ta lissafa bukatarta, ta raba wa jihohi, ta aika musu takardar neman kasonsu. Jihar da ta ƙi biya babu abin da za a yi mata.

A ƙarshen 1781 ta nemi dala miliyan 8. Bayan shekara biyu abin da ya shigo bai kai miliyan 2 ba. Kowace jiha tana kallon maƙwabciyarta, ba ta son ta zama wawar da za ta biya wasu su noƙe.

An ɗauko Robert Morris, hamshaƙin ɗan kasuwar Philadelphia, aka ba shi ragamar kuɗi. Ya rage ma'aikata, ya koma ba da kwangilar ciyar da sojoji, ya kafa banki a farkon 1782 da azurfar da aka kawo daga Faransa. Da ya ga an fi yarda da sa hannunsa fiye da hatimin gwamnati, sai ya riƙa fitar da takardu da sunansa. Wajen da kuɗi na gaske suka fito shi ne ƙetare. Faransa, wadda ta ƙulla ƙawance da Amurka a 1778, ta ba da kyauta da rance da jiragen yaƙin da suka rufe hanyar teku har Janar Cornwallis na Ingila ya miƙa wuya a Yorktown ranar 19 ga Oktoban 1781. Jakadan Amurka John Adams kuma ya samo rance daga bankunan Amsterdam a 1782. Rance dai sai an biya, hanyar biyan kuwa ita ce babu.

Maganin da kowa ya hango shi ne kuɗin fito. A watan Fabrairun 1781 Majalisa ta roƙi jihohi su ba ta izinin karɓar kashi 5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su. Kusan dukansu suka amince. Rhode Island, mafi ƙanƙanta a cikinsu, wadda ke cin gajiyar tashoshin jiragenta, ta ce a'a a watan Nuwamban 1782, Virginia kuma ta janye amincewarta. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A watan Afrilun 1783 aka sassauta tayin, aka ce na shekara 25 ne kawai kuma jihohi ne za su naɗa masu karɓa. A wannan karon New York, wadda tasharta ke cika mata baitulmali, ta gindaya sharuɗɗan da suka kashe shi.

## Sallama, 1783

Hafsoshi suna da murya. A 1780 an yi musu alƙawarin rabin albashi har mutuwa, kuma a watan Maris 1783 wata takarda marar sa hannu ta zaga sansanin Newburgh tana zuga su kada su ajiye makami sai an biya. Ranar 15 ga wata Washington ya shiga taronsu ba zato. Da ya zo karanta wata wasiƙa sai ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau, abin da yawancinsu ba su taɓa ganinsa da shi ba, ya nemi afuwa, ya ce a hidimar ƙasa ya yi furfura, ga shi ido ma yana neman tafiya. Jikin kowa ya yi sanyi. Mako guda bayan haka Majalisa ta mayar da alƙawarin cikakken albashin shekara biyar, shi ma a takarda.

Ƙananan sojoji ba su da irin wannan kafa. A watan Yuni wasu ɗaruruwa daga cikinsu suka kewaye zauren da Majalisa ke zama a Philadelphia. Gwamnatin jihar ta ƙi kiran dakarunta su kore su. Majalisa ta tattara ta gudu Princeton, daga nan Annapolis, sai Trenton, sai New York a 1785.

Mutuminmu ya kama hanyar gida a ƙafa. Takardar wata ukun ta tafi a hanya, wajen abinci da takalmi. Daga baya takardar lissafin ƙarshe ta zo, mai ɗauke da duk ariyas ɗinsa da alƙawarin kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara. Jimillar irin waɗannan takardu ta kai wajen dala miliyan 11. Kuɗin ruwan ba ya zuwa da tsaba. A kasuwa dillalai suna sayen takardar dala ɗaya a kan senti 10 zuwa 15. Mai iyali da gonar da ta shekara shida ba namiji a kanta ba ya iya jira. Ya sayar.

## A gida, 1784 zuwa 1787

An sa hannu a sulhu a Faris ranar 3 ga Satumban 1783, kayan Ingila suka kwararo, azurfar da ta rage ta bi jirage ta fita. Ingila kuma ta rufe wa jiragen Amurka tsibiranta na Karibiyan, inda mutanen arewa suka saba kai kifi da katako da dawaki su dawo da tsaba. 'Yan kasuwar Landan suka matsa wa na Boston, na Boston suka matsa wa masu kanti a ƙauye, mai kanti ya kai manomi kotu. A tsaunukan yamma an saba biyan bashi da hatsi ko alade ko aikin kwana. Yanzu kowa azurfa yake nema.

Bakwai daga cikin jihohin suka sake buga kuɗin takarda don sauƙaƙa wa masu bashi. A Rhode Island an tilasta karɓarsu har masu kanti suka rufe shaguna, wani mahauci da ya ƙi karɓa ya tsinci kansa a kotu. Massachusetts ta bi ɗaya hanyar. Ta ƙudura biyan bashinta na yaƙi da daraja mai tsoka kuma cikin gaggawa, ta ɗora haraji mai nauyi a kan filaye da kan kowane namiji daga shekara 16. A 1786 ta ƙara wani don biyan kason da Majalisa ta nema. Yawancin takardun da ake biya wa ruwa sun riga sun koma hannun masu kuɗin Boston da kewaye, gwamna James Bowdoin ma yana da nasa. Wato mutuminmu zai sayar da saniyarsa ya biya haraji, harajin ya tafi wajen masu sayen irin takardar da ya rabu da ita a araha. Wanda ya kasa biya a yi gwanjon dabbobinsa ko gonarsa, mai bashi kuma yana iya kwana a kurkuku.

Garuruwan yamma sun yi ta aika koke Boston. Majalisar jihar ta tashi hutu a watan Yulin 1786 ba ta yi komai ba. Ranar 29 ga Agusta mutane ɗauke da makamai suka tare ƙofar kotu a Northampton suka hana alƙalai zama. Aka yi haka a Worcester da Concord da Great Barrington. Suna kiran kansu masu gyara, suna soka koren reshe a hula, magoya bayan gwamnati kuwa farar takarda suke sokawa. Ba duka ne matalauta ba, akwai manoma masu rufin asiri da suka fito saboda dangi da kuma haushin mulkin Boston. Sunan da ya fi fitowa shi ne na Daniel Shays, tsohon kyaftin da ya yi yaƙi a Bunker Hill da Saratoga, wanda ya sayar da takobin girmamawa da Janar Lafayette, Bafaranshen da ya taya Amurka yaƙi, ya ba shi.

A nan ne rashin kuɗin Majalisa ya fito fili. Rumbun makamanta yana Springfield, tsakiyar yankin. A watan Oktoba ta yanke shawarar ɗaukar sojoji 1,340, ta fake da cewa don yaƙi da ƙabilun asali ne a kan iyaka, ta nemi jihohi su ba da kuɗi. Virginia kaɗai ta amsa. Sai attajiran Boston ne suka yi karo-karo suka ɗauki nauyin rundunar da Janar Benjamin Lincoln ya jagoranta.

Ranar 25 ga Janairun 1787 Shays da mutum fiye da dubu suka doshi rumbun cikin dusar ƙanƙara. Janar William Shepard, mai tsaron rumbun, ya harba igwa sama da kansu, ba su tsaya ba, ya saukar da bakinta. Mutum huɗu suka mutu, sauran suka watse. Lincoln ya bi su tafiyar dare ya riske su a Petersham da safiyar 4 ga Fabrairu. Kimanin mutum 4,000 suka amsa laifi don a yi musu afuwa. Sharaɗin shi ne rantsuwar biyayya da miƙa makami, da haramcin zaɓe da riƙe muƙami da koyarwa na tsawon shekara uku. Bindigar da aka sallami mutuminmu da ita a nan ta bar hannunsa. An rataye mutum biyu a watan Disamba. A zaɓen wannan shekarar John Hancock ya kayar da Bowdoin, sabuwar majalisar jihar ta sassauta haraji.

## Sake gini, 1787 zuwa 1788

Taron da aka kira a Annapolis a Satumban 1786 kan harkar ciniki jihohi biyar kawai suka halarta. Na Philadelphia da aka buɗe ranar 25 ga Mayun 1787, wata huɗu bayan Springfield, ya samu wakilai 55 daga jihohi goma sha biyu, Washington ne shugaba. Rhode Island ba ta aiko kowa ba. An aiko su gyara yarjejeniyar, suka rufe tagogi suka rubuta sabon kundi, mutum 39 suka sa hannu ranar 17 ga Satumba.

Ikon farko da aka lissafa wa sabuwar majalisar dokoki shi ne sa haraji da kuɗin fito da karɓarsu da kanta. An hana jihohi buga kuɗi da sa nasu kuɗin fito ba da izini ba. An rubuta cewa duk bashin da aka ci a baya yana nan a kan sabuwar gwamnati. Jihohin kudu sun karɓi nasu farashin: babu haraji a kan kayan da ake fitarwa, za a ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi wajen rabon kujeru, kuma ba za a hana shigo da bayi daga Afirka ba kafin 1808. Ƙidayar 1790 ta sami bayi kusan 700,000 cikin mutum miliyan 3.9.

Marubutan kundin sun kauce wa tarkon da ya kashe kuɗin fito sau biyu, suka ce amincewar jihohi tara ta isa kundin ya fara aiki. A Massachusetts da ƙyar ya tsallake, 187 da 168, wakilan yamma da yawa sun ƙi shi don suna ganin wata Boston ce mafi girma ake ginawa. New Hampshire ta cika tara ranar 21 ga Yunin 1788. Rhode Island ba ta shigo ba sai Mayun 1790, da ƙuri'a 34 da 32.

## Biya, 1789 zuwa 1791

An rantsar da Washington ranar 30 ga Afrilun 1789. Ranar 4 ga Yuli ya sa hannu a dokar kuɗin fito, kashi 5 cikin ɗari a kan yawancin kaya, da ƙayyadadden kuɗi a kan irin su giya da shayi da sukari. Abin da aka shekara takwas ana roƙo ya wuce cikin wata uku da rinjayen ƙuri'a. Aka buɗe ofisoshin kwastan a tashoshi, a 1790 aka amince da ƙananan jirage goma na sintirin 'yan fasa-ƙwauri.

Alexander Hamilton, sakataren baitulmali, ya gabatar da lissafi a Janairun 1790: bashin ƙetare kimanin dala miliyan 12, na cikin gida sama da miliyan 40, na jihohi wajen miliyan 25. Shawararsa ita ce a karɓi tsofaffin takardu a ba da sababbi masu ruwa da kuɗin fito zai riƙa biya, a biya duk wanda takardar ke hannunsa a yau, kuma tarayya ta ɗauke bashin jihohi.

Tun kafin labari ya isa ƙauyuka, masu kuɗin New York suka tura wakilai a jirage da dawaki zuwa kudu suna sayen ragowar takardu. James Madison, wakili daga Virginia, ya miƙe a majalisa ya nemi a raba: mai riƙe da takarda a ba shi farashin kasuwa mafi tsada, ragowar a kai wa sojan da aka rubuta wa ita. Hamilton ya ce bin sawun takardar da ta ratsa hannu goma ba zai yiwu ba, kuma in gwamnati ta fara tambayar yadda mutum ya sami takardarta, babu mai sake sayenta. A watan Fabrairu shawarar Madison ta faɗi da ƙuri'a 36 da 13.

Ɗauke bashin jihohi ya fi wuya, domin irin su Virginia sun riga sun biya mai yawa daga nasu, Massachusetts da South Carolina kuwa suna nishi. An warware a teburin cin abinci a gidan Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje, a watan Yuni: kudu ta samu babban birni a bakin kogin Potomac, Hamilton ya samu ƙuri'unsa. Dokar 4 ga Agustan 1790 ta ɗauki bashin jihohi har dala miliyan 21.5. Kashi biyu cikin uku na uwar kuɗin takardun tarayya zai fara samun ruwa kashi 6 nan take, ragowar sai bayan 1800. Tsofaffin kuɗin Continental aka karɓe su 100 a kan 1. A Fabrairun 1791 aka kafa bankin ƙasa da jarin dala miliyan 10. Kafin shekarar ta ƙare, sababbin takardu masu ruwa kashi 6 sun kai cikakkiyar darajarsu a kasuwa.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

Kuɗin takarda ya riƙe yaƙin shekara huɗu zuwa biyar, wannan kam ba a raina shi ba. Ya mutu ne domin babu harajin da zai janye shi, asarar kuma ta faɗa kan wanda ya fi daɗewa riƙe da shi, wato mai albashi. Neman kaso daga jihohi ya gaza domin wadda ta biya ba ta da riba, wadda ta ƙi ba ta da hukunci. Hanyar Massachusetts ta nuna cewa ko da akwai ikon haraji, in aka bi ƙofa-ƙofa ana neman azurfa a wajen wanda ba ya ganinta, bindiga za ta fito.

Kuɗin fito ya tsira daga duka ukun. Ana karɓarsa a tashoshi kaɗan, daga hannun 'yan kasuwa kaɗan masu tsaba, manomi yana biya a cikin farashin sukari bai ga fuskar jami'i ba. Shi ne kusan duk kuɗin shigar tarayya a shekarun farko, ya kuma ci sa'ar bunƙasar ciniki bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa a 1793. Da tarayya ta ɗauke bashin jihohi, harajin filaye da na kai ya sauka ƙwarai a Massachusetts, kuma wannan ne sauƙin da ya isa gonar mutuminmu. Da Hamilton ya kauce wa wannan darasi, ya sa haraji a kan giyar da manoma ke dafawa, yammacin Pennsylvania ya tashi a 1794. Bambancin shi ne a wannan karon gwamnati ta iya tara mutum kusan 13,000, Washington da kansa ya raka su wani ɓangare na hanya.

A ganina Hamilton yana da gaskiya a kan amana: takardar da kowa zai iya saya ya sayar ba tare da tambaya ba ita ta sa aka sake ba Amurka rance da sauƙi. Madison kuma yana da gaskiya a kan wanda ya biya kuɗin wannan amanar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya sayi takardar mutuminmu a kan senti 12 ya ga kuɗinsa sun ninka sau da yawa, shi kuwa ko senti bai ƙaru da shi ba. Filin eka 100 ma ba a keɓe yankin da za a ba da shi a Ohio ba sai 1796, da yawa sun riga sun sayar da haƙƙinsu.

Sai a 1818, shekara 35 bayan sallama, aka yi dokar fansho ga tsofaffin sojojin rundunar da talauci ya kama, dala 8 a wata ga ƙaramin soja, dala 20 ga hafsa. Masu nema suka fi ƙarfin lissafin gwamnati, don haka a 1820 aka ƙara sharaɗi. Duk mai so ya ci gaba da karɓa sai ya je kotu ya yi rantsuwa, ya miƙa jerin duk abin da ya mallaka, tukunya da cokali da kujera da gatari, alƙali ya yi musu kuɗi a aika wa ma'aikatar yaƙi ta duba ko talaucinsa ya kai.